Jirgin Darjilin: wakilinku ya sauka da wuri

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahoton da kuka buga a kan ƙaramin jirgin ƙasan nan na Darjilin da ke jihar Bengal ta Yamma a Indiya, kuma wakilinku ya yi ƙoƙari. Sai dai daga bayaninsa na gane gajeriyar tafiyar nan ya yi, wadda ake ɗibar baƙi daga Darjilin zuwa Ghum, a tsaya a Batasia su ɗauki hoton dutsen Kanchenjunga, a dawo da su cikin kamar awa biyu. Layin kuwa kilomita 88 ne, daga New Jalpaiguri kusa da Siliguri har Darjilin, kuma abin da ya fi cancantar a ba masu karatu labarinsa yana can ƙasa, a ƙauyukan da bai je ba.

Na bi layin tun daga tushe lokacin da karatu ya kai ni ƙasar. Tafiyar tana cin awa bakwai ko fiye, alhali motocin haya suna yin ta a wajen awa uku, shi ya sa mutanen yankin yawanci mota suke shiga. Ba laifin jirgin ba ne. Daga wurin da tsayinsa kamar mita 100 ne yake tashi, ya hau har mita 2,258 a Ghum, a kan layin da faɗinsa ƙafa biyu ne kacal. Inda hawan ya yi tsanani sai ya yi gaba, ya tsaya, a juya masa hanya ya koma da baya yana ƙara hawa, sannan ya sake yin gaba. Tsakanin 1879 da 1881 aka gina layin, kuma haka magina suka tsara hawan don su kauce wa fasa dutse.

Daga Sukna daji yake farawa. A Tindharia akwai ma'aikatar da ake gyaran tsofaffin kawunan jirgi masu aiki da kwal, waɗanda wasunsu sun haura shekara ɗari, kuma makanikan garin ne suke riƙe da su har yau. A kan irin waɗannan kawuna za ka ga ma'aikata biyu a gaba, suna ɗiban yashi da hannu suna barbaɗa wa ƙarfen layi don kada ƙafafun su zame saboda laima.

Kurseong ne ya fi ba ni mamaki. Jirgin ta tsakiyar kasuwa yake ratsawa, kusa da shaguna ƙwarai har kana iya miƙa hannu ta taga ka taɓa ayabar mai tebur. Da an ji usur sai kowa ya janye kwandonsa, yara 'yan makaranta su raɓe jikin bango, yana wucewa ciniki ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. A Tung da Sonada mata suna shanya wanki dab da layin, hazo ya rufe rabin gari, ƙasa da su kuma gonakin ganyen shayi ne, inda masu tsinka suke goye da kwando, igiyarsa a goshi. Yawancinsu yaren Nepal suke yi. Su ne suka zauna da wahala lokacin da zaftarewar ƙasa ta yanke layin da hanyar mota a Paglajhora a 2010, aka yi shekaru jirgi bai bi layin daga farko har ƙarshe ba. A ganina, tun da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa layin cikin kayan tarihi na duniya a 1999, ribar baƙi ta fi tsayawa a otal-otal ɗin Darjilin, waɗannan ƙauyuka kuwa sai dai a ɗaga musu hannu ta taga. Wanda zai je, ya kwana a Kurseong, ya sha shayin gonar Makaibari a inda ake nomansa, ya ci abincin mutanen gari.

Wani hanzari ba gudu ba, mu ma mun taɓa samun irin wannan. Ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ta Rahama ya hau Jos da Bukuru saboda kuza, ya isa can a 1914, aka rufe shi a 1957. Abin da ya rage yana ajiye a gidan tarihi na Jos. Ina roƙon ku tura wakili ya bi tsohuwar hanyar ƙauye-ƙauye, domin dattawan da suka hau shi suna yara sun haura saba'in yanzu, kuma ya kamata a ji ta bakinsu.

Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku,
Mai karatunku daga Zariya