Koke Kan Masu Awon Itatuwanmu Domin Cinikin Iskar Kabon

Zuwa ga Mai Girma Uban Ƙasa,
ta hannun masu unguwanninmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nasara.

Mu talakawanka, manoma da makiyaya da matan ƙauyukan da ke arewacin wannan ƙasa taka, muna kawo kukanmu a kan baƙin da suka shigo mana tun bayan kaka, suna ɗaura igiyar awo a gindin gawo da bagaruwa, suna shafa musu jan fenti, ba tare da sun tara mu sun faɗi abin da ke tafe da su ba. Sai daga baya suka dawo da takarda mai shafuka da yawa, duk da Turanci, suka ce masu gonaki su dangwala hannu, za a riƙa biyan su kuɗin itace.

Yaranmu da suka yi boko sun warware mana zancen. Itace yana zuƙar iskar kabon da ke ɗumama duniya, ya adana ta a jikinsa da saiwarsa, kuma duk tan ɗaya da aka tabbatar ya adana ana yi masa takardar shaida a sayar wa kamfanonin ƙasashen waje masu fitar da hayaƙi. Yarjejeniya irin wannan takan kai shekara 30 ko 40, wato wanda ya dangwala hannu yau ya ɗaure jikokinsa ne.

Ranka ya daɗe, ba dashen itace muke ƙi ba. Mun fi kowa sanin yadda rairayi ke binne gero, kuma jiharmu ta Sakkwato na cikin jihohi 11 da ake aikin Babbar Ganuwar Itatuwa ta tare hamada, wadda Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007. Amma gawon da suke aunawa ba shi kaɗai ya tsaya ba. Iyayenmu ne suka ƙi sare shi lokacin sassabe, domin yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana da taki, da rani kuma 'ya'yansa ne abincin tumaki. Bagaruwar da aka shafa wa fenti, mata ne ke tsintar 'ya'yanta su sayar wa majema masu jeme fatar jar akuya, da kuɗin suke sayen gishiri da omo. Wata dattijuwa ta tambayi mai awon ko za ta ci gaba da tsinta, ya ce sai ya tambayo manyansa. Har yau bai dawo da amsa ba. Makiyaya kuwa ko sallama ba a yi musu ba, alhali burtali da mashaya suna cikin filin da aka zana.

Dattawanmu ba su manta da madatsar ruwan Bakolori ba, inda a 1980, tun tana cikin Jihar Sakkwato, manoma suka rasa rayukansu saboda rikicin gonaki da diyya. A Kenya ma, a 2025 kotu ta yanke cewa an kafa wasu gandayen kare namun daji guda biyu a filayen makiyayan Isiolo ba bisa ƙa'ida ba, saboda ba a tuntuɓi jama'a yadda ya kamata ba. Ba ma so mu kai ga kotu, balle abin da ya fi haka.

Don haka muna roƙonka ka dakatar da dangwala hannu har sai an fassara takardar zuwa Hausa da Fulatanci, an karanta ta a bainar jama'a a ƙofar fadarka, an kuma ba mu lokaci mu yi shawara da malamanmu da lauyan da mu muka zaɓa. A faɗa mana wa zai sayi takardun shaidar, nawa ne farashin tan ɗaya, nawa zai iso hannun mai gona, kuma me zai samu wanda fari ko gobara ta kashe masa itace. A rubuta ƙarara cewa gona tana nan ta mai ita, kiwo da tsinta da sassabe ba za su zama laifi ba, a sa ardo da wakilan mata cikin masu sa ido. Wanda ya ce ba ya so, a ƙyale shi.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora wa ƙaramar hukuma kula da filayen karkara, saboda haka muna roƙo ka isar da wannan koke ga shugabanta da kuma fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi kafin ruwan shuka ya sauka.

Allah ya ƙara maka imani da adalci.

Mu ne talakawanka,
manoma, makiyaya da matan wannan yanki.