Kada a raba ƙaramin mai saye da kasuwar sari

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙun masu karatu domin in yi magana a kan kasuwannin sari na gargajiya da ke cikin manyan birane, musamman halin da ƙaramin mai saye yake samun kansa idan ya shiga cikinsu. Na lura cewa duk lokacin da aka tashi maganar waɗannan kasuwanni, muryar manyan 'yan kasuwa da ta hukumomi kawai ake ji, alhali mai ƙaramin shago da magidancin da ya tara kuɗi domin ya sayi kayan wata guda a lokaci ɗaya su ne suka fi yawa a cikin masu shiga da fita, kuma su ne suka fi cutuwa idan al'amura suka lalace.

Na shafe fiye da shekara goma ina zuwa sari domin ɗan shagona, kuma har yanzu ban ga abin da zai maye gurbin kasuwar sari ba. Tun kafin gari ya waye manyan motoci suke sauke kaya, 'yan dako suna kai da komo, dillalai suna tsaye suna lura da yawan abin da ya shigo, domin daga nan ne farashin ranar yake fitowa. Idan kaya sun shigo da yawa farashi ya sauka, idan hanya ta hana motoci isowa ya tashi, kuma abin da aka sallama maka da safe ba lallai ne a sallama maka shi haka da azahar ba. Arahar da ake samu a wurin tana da dalili bayyananne, domin kowane hannu da kaya suka bi ta cikinsa sai ya ɗora ribarsa da kuɗin mota da hayar rumfa, shi kuwa mai sayar da sari yana kusa da tushe, yana cin riba kaɗan a kan kowane guda amma yana sayar da ɗaruruwa, kuma babban burinsa shi ne kuɗinsa su juya da sauri kada kaya su kwana masa a sito.

Sai dai wannan araha ba ta zuwa wa kowa daidai. Baƙon da ya shigo karo na farko yakan ji farashin kwali ya yi murna, bai lissafa kuɗin ɗan dako ba, bai lissafa motar da za ta kai masa kayan ba, bai san cewa mutumin da ya tare shi a bakin ƙofa yana yi masa jagora da fara'a ya riga ya sa la'adarsa a cikin farashin ba. Sannan ga ƙa'idar da yawancin masu sari suke bi ta cewa ba a fasa kwali kuma ba a kwance dila, wadda take tilasta wa mai ƙaramin jari ya sayi fiye da abin da zai iya sayarwa ko amfani da shi kafin ya lalace. Na ga maƙwabta suna haɗa kuɗi mutum huɗu ko biyar su sayi buhu ɗaya su raba, kuma a ganina wannan dabara ce mai kyau da ya kamata masu kasuwa su ƙarfafa, maimakon su riƙa kallon irin waɗannan mutane kamar masu ɓata musu lokaci.

Abin da ya fi damuna shi ne algus da tauye ma'auni. Wata rana na sayi dila guda ta kayan sawa a wata babbar kasuwar sari, mai kayan ya yanke igiya ta gefe ɗaya ya zaro mini guda uku ya shimfiɗa a kan benci, na duba ɗinki na ja yadin na ga babu aibi, na biya. Da na isa shago na kwance dilar gaba ɗaya, sai na tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke tsakiya ruwa ya taɓa shi, ya yi tabo yana warin danshi. Washegari na ɗauko kayan na koma, amma mutumin ya dube ni ya ce kayan da suka fita rumfa ba sa dawowa, ya kuma tambaye ni shaidar cewa a wurinsa na saya. Ba ni da rasit domin bai ba ni ba, ni ma ban nema ba, kuma babu wani ofishi a kasuwar da zan kai ƙara a saurare ni. Ribar wata biyu ce ta tafi a ranar. Wannan ɗabi'a tsohuwa ce, har ya zo a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi dalilin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya yi gargaɗi mai tsanani a kan algus.

Ba zan yi adalci ba idan na tsaya a nan, domin a cikin kasuwar nan ce wani dattijo mai sayar da sari ya ba ni kaya bashi lokacin da jarina ya karye, ba tare da takarda ko mai tsaya mini ba, ya ce in sayar in kawo masa kuɗinsa in ɗauki wasu. Babu babban kanti na zamani ko shagon intanet da zai yi wa ƙaramin ɗan kasuwa haka. Amana irin wannan ita ce ainihin jarin kasuwar sari, kuma duk mai algus guda ɗaya yana cin wannan jari ne na kowa da kowa.

Saboda haka ina kira ga shugabannin kasuwanni su ajiye sikeli na kowa da kowa a kusa da ƙofofin fita, wanda hukumar awo take dubawa lokaci zuwa lokaci, ta yadda mai saye zai iya sake auna buhunsa kafin ya ɗora a mota. A wajabta ba da rasit ko da rubutun hannu ne mai ɗauke da lambar rumfa, a kuma ba mai saye damar a buɗe masa kaya daga inda shi ya zaɓa. Dillalai su kasance sanannu masu rajista, la'adarsu a bayyane, kuma a samu ɗaki guda da za a kai ƙorafi a warware shi a ranar. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin a tsofaffin biranen Musulunci irin su Bagadaza da Alƙahira akwai muƙamin muhtasibi, wanda aikinsa ya haɗa da zagaya kasuwa yana duba ma'aunai da ingancin kaya.

Batu na biyu da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda manyan birane suke fitar da kasuwannin sari daga tsakiyar gari. Dalilan da ake bayarwa gaskiya ne, domin duk wanda ya taɓa maƙalewa a bayan tirela a lungun da aka gina tun zamanin da ake ɗaukar kaya a kan dabbobi ya san matsalar, balle a zo maganar gobara a wurin da rumfuna suka cushe har motar kashe wuta ba ta da hanyar shiga. Birnin Paris na Faransa ya kwashe tsohuwar kasuwarsa ta Les Halles zuwa Rungis da ke wajen gari a 1969. Landan ta mayar da kasuwar Covent Garden zuwa Nine Elms a 1974. Babban birnin Meziko ya buɗe Central de Abasto a 1982 domin rage wa tsohuwar kasuwar La Merced nauyi. A Tokyo kuwa, kasuwar kifi ta Tsukiji da aka buɗe a 1935 ta koma Toyosu a watan Oktoba na 2018, bayan an jinkirta ƙaurar kimanin shekara biyu saboda gurɓatar ƙasar sabon wurin, inda a da masana'antar iskar gas take.

Waɗannan sababbin wurare sun fi faɗi da tsafta, amma ya kamata a duba abin da ya sami ƙaramin mai saye. Kasuwar Rungis ta masu sana'a ce, sai da katin shaidar mai saye ake yin ciniki a cikinta, a Toyosu kuma maziyarta daga wurin da aka keɓe musu suke kallon gwanjon kifi. A ƙasashen da ƙananan shaguna suke da hanyoyin da ake kawo musu kaya har ƙofa, wannan tsari yana iya tafiya daidai. Amma a birnin da dubban mutane suke rayuwa da sarin kwali biyu ko uku a rana, idan aka kai kasuwa nesa ba tare da motocin haya masu sauƙi ba, kuɗin mota zai cinye ribar, sai mutum ya koma saye a hannun wani ɗan tsakiya, farashi kuma ya ƙaru a kan talakan da ke saye ɗai-ɗai a unguwa. Ana kuma mantawa da 'yan dako da masu tura baro da masu ɗaure kaya, waɗanda yawancinsu kusa da tsohuwar kasuwar suke kwana saboda aikinsu yana farawa tun cikin dare.

Ba na adawa da gyara ko ƙaura idan ta zama dole, amma ina roƙon hukumomin birane su zauna da ƙananan masu saye da 'yan dako kafin a zana taswira, kamar yadda suke zama da masu manyan sito. A tanadi hanyar mota mai zuwa kasuwar tun da asuba, a ware sashe inda za a iya fasa kwali a sayar da rabi ko dozin, kuma a bar ƙofar a buɗe ga duk wanda ya zo da kuɗinsa ko da ba shi da rajistar kamfani. A Tokyo ɗin ma, layukan shagunan da ke kewaye da tsohuwar Tsukiji an bar su a inda suke, kuma jama'a suna ci gaba da sayayya a can. Ina fatan wakilan wannan jarida za su shiga waɗannan kasuwanni da sassafe, su tsaya kusa da inda ake auna kaya da inda ake loda su, su tambayi masu ƙananan shaguna nawa ne yake rage musu bayan sun biya dako da mota.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Wani mai ƙaramin shago kuma mai karanta wannan jarida