A daina shaƙe kafireto da sunan rage shan mai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka in ja hankalin masu tsofaffin motoci da kanikawa kan ɗabi'ar ɗaure sukurun kafireto, wanda ke daidaita yawan man da ke haɗuwa da iska, wai don mota ta rage shan mai. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Idan mai ya gaza, inji zai yi zafi, ya riƙa tari in an taka totur, a ƙarshe bawul ya ƙone. Idan ya yi yawa, baƙin hayaƙi zai fito a salansa, fetur ya wanke baƙin man jikin silinda, fistin ya ci.

Kafin a taɓa sukurun nan, a gyara taimin da tazarar bawul, a duba matatar iska, a tabbatar gasket ɗin gindin kafireto ba ya shan iska. Sau da yawa nan cutar take, kafireto kawai ake ɗora wa laifi. Sai a bar inji ya yi zafi sosai, cok, wato marfin da ke rage iska idan inji na sanyi, a buɗe gaba ɗaya.

A kashe inji, a ɗaure sukurun a hankali har ya zauna. Kada a matsa, tsininsa laushi gare shi, in ya yi zobe ya tashi aiki. A warware zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu, a tayar, a sa silo, da nasa sukurun daban, tsakanin juyi 700 da 900 a minti. Daga nan rubu'in zagaye ake juya sukurun mai, a dakata daƙiƙa goma zuwa sha biyar ana saurare. Inda inji ya fi sauri, muryarsa ta daidaita ba rawa, nan ake tsayawa, sannan a maido da silo. A lura, a wasu kafireto iska sukurun yake bari, ba mai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, sukurun nan silo kaɗai yake mulki. A kan titi babban jet ne, wato ƴar ƙofar da mai ke bi, da tsayin mai a kofin kafireto suke aiki. A yi tafiya mai ɗan nisa, a kwance fulogi: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, baƙi mai kunkunniya mai ya yi yawa, fari fat kuwa mai ya gaza, a koma kan jet tun bawul bai ƙone ba.

Wassalam,
Mai karanta jaridarka