Amsa ga Alhajin da Ya Tambaye Ni Batun Waya a Taron Iyaye

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ranar Asabar, a taron iyaye da malamai, ka miƙe a gaban jama'a ka ce: "Malam, ku ne kuka hana yaranmu shiga makaranta da waya, ku ne kuma kuke turo musu aikin gida ta WhatsApp. To wanne za mu ɗauka?" Aka kwashe da dariya. Kafin in buɗe baki aka kira azahar, taro ya watse. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a nan ya kamata in amsa.

Duka biyun za ku ɗauka, ranka ya daɗe. Bari ka ji dalili.

A watan Maris na 2020, da korona ta sa aka rufe makarantu, ina cikin masu rawar kai. Na buɗe Zoom na sa wa 'yan ajina lokaci. Na kyautar minti 40 yake bayarwa ya yanke, rabin mintocin kuwa a "Kuna ji na?" suka ƙare. Wani yaro daga Mabera hotonsa ya daskare, baki buɗe, har aka tashi. Wata daga Arkilla mun fi jin kukan akuyarsu a kan muryarta. Waɗanda aka mayar ƙauye wajen Kware da Boɗinga ko sallamarsu ban ji ba. Sati biyu na sallama.

Abin da ya yi mini rana ƙarami ne. In rubuta lissafi a takarda, in ɗauki hotonsa, in haɗa da saƙon murya na minti uku da Hausa. Darasin kai tsaye yana so kowa ya samu caji da data da sabis mai ƙarfi a lokaci guda, mu kuwa a Sakkwato ka san yadda wuta take a watan Afrilu, waya tana shagon mai caji, mai ita yana gindin dalbejiya yana fifita. Saƙon murya shi mai haƙuri ne. Yana nan kwance har sabis ya dawo, kuma yarinyar da ke jin nauyin ɗaga hannu a aji za ta saurare shi sau biyar ba wanda ya harare ta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a garin nan. Nana Asma'u 'yar Shehu ta naɗa jajis, wato mata masu koyarwa, suna zuwa su karɓi karatu a waƙe, su kai wa matan ƙauyuka da ba su iya barin ɗakunansu. Ni wayar a matsayin jaji na ɗauke ta, mai kai karatu gida. Amma ita jaji sai ta zauna gaban malama tukuna.

Shi ya sa ban yarda da waya cikin aji ba. Akwai ranar da na karɓi littattafai, na tarar kusan kowa ya rubuta 7 sau 8 daidai da 54. Kuskure ɗaya, layi ɗaya, har inda mai asalin aikin ya soke ya gyara sai da wasu suka kwafe. Yaro guda ne ya yi, ya ɗauki hoto ya watsa. Tun daga ranar, duk aikin da na tura sai na kira mutum uku gaban allo washegari su warware shi da alli. A aji fuska nake karantawa, in ga wanda ya gane da wanda yake gyaɗa kai don kawai in wuce.

Na san abin da ke ranka wanda kunya ta hana ka faɗa a taro, 'ya mace gare ka. Zauren WhatsApp da na buɗe lambobin iyaye ne a ciki, ba na yara ba. Ni da shugaban makaranta da wata malama kaɗai ke iya tura saƙo. Ba na tura wa ɗaliba saƙo ita kaɗai, kuma duk malamin da ka ga ya yi haka, kada ka yi shiru.

Inda nake jin nauyi shi ne kuɗi. Tun da aka ƙara farashin kira da data a farkon 2025 wasu iyayen suka ja baya, wasu dama ƙaramar waya ce da su. Don haka duk abin da na tura, yana kan allo da safe, kuma ban taɓa rage wa yaro maki don gidansu ba babbar waya ba.

Hana su taɓa na'ura gaba ɗaya kuwa cutarsu ce. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta. Na ga hazikin yaro mai burin shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya fito yana hawaye, lokaci ya cinye shi yana laluben inda zai danna.

Roƙona ɗaya ne, Alhaji. Bayan isha'i ka ara wa Hajiya ƙarama wayarka na rabin awa, tana zaune kusa da kai a tabarma. Saƙon muryar Litinin a kan kusurwoyi ne, minti huɗu.

Naka,
Malamin lissafi, Sakkwato