Wasiƙa kan hayaƙin asuba

Samaru, Zariya

Zuwa ga aminina Malam Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka tambayi dalilin da tarin yaronka ke tsananta da asuba ya lafa da rana. Ina ganin iskar da yake shaƙa ce.

Da rana ƙasa na ɗaukar zafi, ta ɗumama iskar da ke kanta, iskar ta tashi ta cakuɗu da ta sama har tsawon mita 1,000 zuwa 2,000, a bazara ma ya fi haka. Hayaƙin janareta da na Keke Napep sai ya watse cikin wannan fili. Da faɗuwar rana ƙasa ta huce da sauri, musamman a hunturu da babu girgije kuma iska ta bushe. Iska mai sanyi tana da nauyi, sai ta kwanta ƙasa, mai ɗumi ta zauna a kanta kamar murfin tukunya. Filin cakuɗuwar yakan dawo mita 200 ko ƙasa da haka. Ka ga hayaƙin da ya bazu a mita 2,000 idan aka matse shi a 200, kaurinsa ya ninka goma, alhali ba a ƙara hura wuta ko ɗaya ba.

Abin takaici, a daidai lokacin muke ƙona shara, mu hura itacen girki, mu tayar da janareta. Wanda ya bi Kwangila ko Sabon Gari bayan magariba zai ga hayaƙi shimfiɗe daidai tsayin rufin shaguna, ba ya motsi. Unguwannin kwari na gefen rafin Kubanni sun fi shan wahala, domin iska mai sanyi gangarawa take yi. Ga ƙurar hunturu daga Bodele ta ƙasar Chadi ta ƙaru a kai. Irin wannan murfi ne ya riƙe hayaƙin kwal a Landan a Disambar 1952, dubban mutane suka mutu.

Murfin ba ya buɗewa sai rana ta ɗaga, wajen hantsi. Kafin nan a rufe tagar ɗakin yaron, a buɗe ta da azahar. Janareta a waje, nesa da taga, bakin salansa ya juya wa gida baya. In fita da sassafe ta zama dole, ya sa takunkumi mai tace ƙura da ake kira N95; na yadi ba ya tare ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da ke shiga huhu. Don Allah a kai shi asibiti a duba ko asma ce.

A gaida Hajiya da yara.

Naka,
Garba