Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Sundar Pichai, Shugaban Google

Ranka ya daɗe,

Mu masu gina shafukan intanet ne. Yau duk shawarar da injiniyoyinka suka kai W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, tun kafin a karanta ta an fara tambayar me Google zai ci a ciki. Ba hassada ba ce, ruwa ba ya tsami banza.

Dubi Web Environment Integrity, shawarar da injiniyoyinka suka kawo a 2023. Shafi zai nemi shaida, mai tantancewa irin Google Play ya sa hannu cewa ba a taɓa manhajar wayar ko burauzar ba, burauza ta miƙa wa shafin, shi kuma ya ga ko zai buɗe. An ce maganin zamba ne. To, mai wayar Huawei da ba ta da Google Play fa? Ko wanda mai gyara ya sauya wa tsohuwar wayarsa manhaja? Banki na iya rufe masa ƙofa ba laifin tsaye ba na zaune. Masu shawarar da kansu sun hango haka, har suka ce a riƙa hana shaidar da gangan jefi-jefi don kada shafuka su dogara da ita. Mozilla mai Firefox, da masu burauzar Brave da Vivaldi suka ƙi, kuka janye a Nuwamba. Amma kafin nan gwajin ya riga ya shiga Chromium, manhajar da aka gina Chrome a kanta, kuma wannan ne ya fi ɓata rai.

FLoC ma, tsarin rarraba masu burauza rukuni-rukuni don talla, sai da aka gwada shi a kan masu Chrome a 2021 sannan aka binne shi.

Tushen matsalar a ƙa'idarku yake. Sabon abu na fita a Chrome da zarar mutum uku cikin masu kula da Blink, injin da ke nuna shafuka a Chrome, sun amince. Edge, Opera da Brave duk Blink suke amfani da shi, don haka yardarsu ba shaida ta biyu ba ce. Haka WebUSB, mai ba shafi damar magana da na'urar USB, ya fita a 2017, har yau babu shi a Firefox da Safari; shafin da ya dogara da shi ya zama na Chromium kaɗai.

Roƙonmu: duk abin da Mozilla da masu WebKit, injin Safari, suka rubuta cewa ba su yarda da shi ba, ya zauna a kashe har inji na biyu mai zaman kansa ya ɗauka. Cikin ukun da ke amincewa, aƙalla ɗaya ya kasance ba albashin Google yake ci ba. Abin da kuma ya taɓa talla, a kai shi W3C kafin a fara rubuta shi cikin Chromium.

Mun gode,
Wasu masu gina shafukan intanet