Amsa ga Malamin da Ya Kira Aikin Yaranmu Fotokwafi

Assalamu alaikum Malam.

Na ji tambayar da ka jefo mini a gidan rediyo, bayan kiran da na yi na a kafa gasa da kyautar kuɗi domin matasa masu fasahar buga zane. Ka ce don me za a karrama mutum a kan abin da injin fotokwafi ma yake yi, ka kuma tambaya ko ɗalibaina nake share wa hanya. Maganar ɗalibai mai sauƙi ce: kada a sa ni cikin alƙalai, a nemo su daga ko'ina. Ɗaya maganar ce ta ƙona mini rai, domin yaran da ka wulaƙanta suna sauraro.

Ka taɓa tsayawa a kan yaro yana sassaƙa allon katako? A juye yake yin zanen, dama ta koma hagu, sai ya hau takarda sannan ya miƙe. Wuƙa ta zame sau ɗaya, shi ke nan, sai sabon allo. Mai aiki da farantin ƙarfe kuwa zai shafe shi da kaki, ya karce zanen da allura, ya tsoma a ruwan asid ya ci layukan, ya cusa musu tawada, ya goge saman da tafin hannu, sannan ya bi da shi ta injin matsa tare da takarda mai danshi. In guda ashirin ya yanke zai fitar, sai ya rubuta 1/20, 2/20 da fensir a ƙasa ya sa hannu, daga nan ba ƙari. Babu wani hoto da aka ajiye a gefe ana kwafa. Abin da ya fito daga injin shi ne aikin.

Kuma sana'ar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Zariya Bruce Onobrakpeya ya yi karatu, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, yana cikin ƙungiyar ɗalibai masu zane da aka kafa a 1958 tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Da buga zane duniya ta san shi, kuma tun 1998 yake tara matasa a Agbarha-Otor ta Jihar Delta suna koyo. A Norway, Sarauniya Sonja, wadda ita ma da hannunta take bugawa, ta kafa kyautar da ake bayarwa duk shekara biyu tun 2012, har da kason masu tasowa.

Mai zane da fenti zai iya ci gaba da aiki a ɗakin kwanansa. Mai bugawa kuwa, ranar da ya gama makaranta ya rabu da injin, ga takardar kirki da tawada sai an kawo daga waje da dala. Na ga yarinya mai baiwa tana murza bayan takarda da cokali har yatsunta suka kumbura, don kawai kada ta daina. Yawancinsu a ƙarshe shagon buga katin biki da fastar 'yan siyasa suke komawa. Neman halak ne, amma ba don shi suka yi karatu ba.

Duk wannan ka sani, Malam, domin ka daɗe a harkar. Ban ji ka yi irin wannan tambaya ba lokacin da ake raba kyaututtuka a fannin fenti, inda kake da ruwa da tsaki. Zargina shi ne kana gudun a raba ɗan abin da masu tallafi ke bayarwa. Da takaicinka ka kai wa masu kuɗinmu, waɗanda ke cika falo da hotunan kanti daga Dubai amma ba su taɓa taka ƙafa wurin baje kolin ɗalibai ba, da ni ne na farko a bayanka.

Abin da na nema wa wanda ya ci gasar bai wuce kuɗin takarda da tawada, 'yan watanni a ɗakin aikin da ke da injin, da wurin da zai nuna aikinsa ba. Ina nan a kan bakana.

Wassalam.